Sawun Lalle a Kasuwar Asabar

Rana ta karkata, inuwar rumfuna ta fara jan jiki, sai wani mutum ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwar manoma yana rantsuwa an sace masa kare.

Malam Gwadabe bai ɗauka abin zai shafe shi ba. Yana zaune ne a ƙarƙashin wata rumfar ganyen dabino da kofin shayi a hannu, iska mai ɗan gishiri tana tasowa daga wajen teku, hayaƙin nama yana bi ta kansa a hankali. Idonsa a buɗe yake, amma shi yana can garinsu Tanut, shekara talatin baya, yana tafe a kan sawun wata taguwa da aka kore wa mai ita. Aikinsa ke nan a can, bin sawu. A nan Jidda kuwa gadin ƙofar wani sito yake yi a Madinar Masana'antu, inda ko'ina kwalta ce, babu abin karantawa a ƙasa. Shi ya sa da Hashim, ɗan wansa haifaffen unguwar Ammariyya, ya kawo su shi da matarsa wannan gona ta arewacin gari inda kasuwar ke ci, ya ga rairayi shimfiɗe, sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi.

Kasuwar ranar Asabar take ci, a lokacin sanyi kawai. Manoman Ɗa'ifa sun zo da rumman da zuma, wasu da ganye da cuku, ga masu mutabbaƙ, soyayyen fulawa mai nama da ƙwai a ciki, ga masu balila, dafaffen wakensu na Larabawa. Sai kuma karnuka. Gwadabe bai taɓa ganin kare da riga ba sai ranar. Har wata 'yar mitsitsiyar karya ya gani ana tura ta a keken jarirai, tana kallon mutane ɗaiɗai kamar ita ta biya kuɗin filin.

Mai ihun sunansa Turki, dogon matashi mai farar jallabiya. Karensa saluƙi ne, irin siraran karnukan farauta na Larabawa, sunansa Shahin, kuma kuɗinsa zai sayi mota. Ya ɗaure shi a gindin dabino kusa da shimfiɗarsu, inda mahaifinsa tsoho Abdallah ke gyangyaɗi a kujera, ya tafi da iyalinsa zagayen rumfuna. Da ya dawo ba kare ba igiya.

Mutane suka taru. Wata mata ta ce ta ga wata baƙar tsohuwa mai hijabi ruwan ƙasa tana ba karen nama. Wani ya sunkuya ya nuna siminti, inda ga sawun kare nan ja-ja, na lalle. Matar ta tafa hannu ta ce ai kuwa tsohuwar da lalle ɗanye a hannunta. Sai wani daga baya ya ce, "A kira askar mana!"

Kalmar nan ita ta dawo da Gwadabe daga Tanut. Ya waiwaya inda matarsa Mariyamu ke zaune tana shanya lallen da aka zana mata. Tabarma na nan, rabin mutabbaƙ ɗinta na nan, ita ba ta nan.

Mariyamu ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Umara ta zo shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta zauna wurin mijinta, ba ta koma ba. Duk wanda ya zauna haka a garin nan, kunnensa yana jin kalmar askar, wato 'yan sanda, kafin a gama faɗinta, ƙafarsa kuma ba ta shawara da shi. In 'yan sanda suka zo, ko an ga kare ko ba a gani ba, takarda za su fara tambaya. Daga nan sai tarhil, gidan da ake tara marasa takarda, daga can sai jirgi. Gwadabe ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a daji ba.

Ya dubi ƙasa. Ga sawunta nan, ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje, ta nufi bayan tantin sallar mata da gajeren taku mai sauri. Ya miƙe kamar mai miƙa, ya bi ta kai yana jan takalminsa har ya shafe taku bakwai. Tunda yake a duniya bai taɓa goge sawu ba sai yau.

*

Kafin a ce haka, masu gadin kasuwar sun rufe ƙofar fita, ita kaɗai ce kuwa, suna leƙa kowace mota. Turki ya riga ya ciro waya.

Hashim ya sha gabansa yana ba shi haƙuri da Larabcin Hijaz mai santsi, har ya samu ya sauke wayar. Sannan ya dawo wurin Gwadabe yana share gumi, ya kira shi Ammi, wato Baffa.

"Ya Ammi, mushkila ce babba. Ya ce tunda ta gudu, khalas, shi ke nan, ita ce. Ina Inna take?"

"Inda take tana lafiya. Ka ce masa ya ba ni lokaci."

"Lokacin me, Ammi?"

"Ka ce masa ni mai bin sawu ne."

Hashim ya faɗa. Wasu suka yi dariya. Turki ya dubi tsohon daga hula har takalmi, ya ga maigadi ne kawai mai kwat ɗin gwanjo, ya ce a zamanin kyamara wa ke bin sawu? Sai aka ce masa ai kyamarar gonar a bakin ƙofa kaɗai take, kuma ba ta ga kare ya fita ba. Turki ya dubi agogonsa.

"Zuwa kiran magariba," in ji shi. "In ladan ya buɗe baki ban ga Shahin ba, wallahi zan kira."

Gwadabe ya dubi rana. Saura kamar awa guda. Ya roƙi mutane su ja da baya daga gindin dabinon, amma ina, ƙafa ɗari ta riga ta tattake wurin. Tsoho Abdallah na nan a kujerarsa, ya dunƙule cikin bargon rigarsa ta sanyi, hannuwa a ciki, ido a rufe. Aka tambaye shi ko ya ga wani abu, ya girgiza kai bai buɗe ido ba.

Najwa, matar Hashim, ta matso tana hawaye. Ita ta lallashi Mariyamu ta fito, ita ta biya kuɗin lallen.

"Baffa, ni na jawo. Ta ce ba ta son taro, na nace."

"Ki zauna kan tabarma ki ci abincinki, ki bar waige-waige," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Duk inda idonki ya je, idon mutane zai bi."

*

Sawun kare na farko da ya samu mai kyau ya kai shi rumfar Othman, mai gashin tsiren nan da kakanninmu suka kawo Hijaz, Larabawa suka ce da shi siriyya. Othman ƙato ne mai murya, kakansa ya zo da ƙafa daga Katsina, shi kuwa Hausarsa duk ta sha Larabci.

"Ya Hajji, kar ka dube ni haka. Kare ya zo, sahih. Wane kare ne bai zo ba? Tun azahar suke layi a nan kamar ina raba sadaka."

"Shi kaɗai ya zo, ko da mutum?"

"Da mai shi. Shi ne ma ya ja shi, ya ce yaji yana ɓata masa ciki. Yajina! Mutane suna tasowa tun daga unguwar Aziziyya saboda yajin nan."

"Matata fa?"

Othman ya rage murya. "Ta sayi tsinke biyu. Ta ce in wanke mata yanka ɗaya da ruwa, wai karen can ya yi rama, tana jin tausayinsa. Na ce ya Hajja, haka Allah ya yi su, ba yunwa ba ce. Ba ta yarda ba."

Gwadabe ya kusa yin murmushi. Mariyamu ke nan, ko ƙadangare ta gani ya rame sai ta nema masa tsaki. Ya tsuguna. Sawun saluƙi ba ya ɓuya, dogo ne siriri, yatsun tsakiya biyu sun yi gaba. Amma tayar keken jarirai ta bi ta kansa, sawun yara ya hau kan tayar, kuma babu ɗigon lalle a ciki. Tsohon sawu ne, na tun kafin la'asar.

Wani mutum da ke biye da su ya ce a duba bayan motar Othman, ai mai nama ya fi kowa sanin yadda ake jan kare. Othman ya buɗe motar da fushi. Buhun gawayi ne a ciki da albasa.

*

Mastura mai lalle tana haɗa kayanta da sauri, don ta ji an fara ambaton sana'arta.

"Malam, ka rufa mini asiri. Ni zane nake yi wa mata, me zan yi da kare?"

"Ba zarginki nake ba, 'yata. Zo ki duba mini wani abu."

Ya kai ta kan simintin da sawun ja yake. Ta sunkuya, ta lakato da farce, ta murza, ta shinshina. Nan take hankalinta ya kwanta, mai sana'a ta ga abin da ta sani.

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa sai na tankaɗe shi sau uku da ƙyalle, in ba haka ba ba zai bi ta bakin leda ba. Wannan dubi, har da karan ganye a ciki. Ɗanyen gari ne aka kwaɓa da ruwa kawai, ko lemon tsami babu. Kuma na hannun Inna ai siririn zane ne, ko duka aka kankare ba zai cika cokali ba."

"Wa ke sayar da irin wannan?"

"Nayef, mai kayan ƙanshi."

Nayef yana fama da masu sayen habbatus sauda da za'atar. Ya ce lallen Madina ne, mata sun fi ashirin da suka saya yau, shi ba ya kallon fuska, hannu yake kallo da kuɗi. Gwadabe ya tambaye shi ko akwai wanda ya sayi kaɗan. Ya yi tunani, ya ce akwai wanda ya miƙo kofin gahawa na takarda ya ce a cika masa, har shi Nayef ya yi dariya, don wannan ko ƙunshin hannun mace ɗaya ba zai isa ba. Mace ko namiji? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce lokacin mutum goma ne a kansa.

Masu bin bayansu suka fara gunaguni. Lalle dai na mata ne, in ji su, ko wace iri ce mace ce ta yi, kuma mace ɗaya ce ta gudu. Gwadabe ya ɗaga kai. Rana ta sauka har ta taɓa kan katanga.

*

Ya bar su nan, ya koma kan simintin shi kaɗai, ya bi jan sawun a hankali. Yana tafe hayaniyar kasuwar tana ja da baya a kunnensa, kiɗan da ake sakawa a lasifika ya koma kamar daga wani gari. Haka abin yake zo masa tun yana saurayi. In ya hau sawu sosai, sai ya daina ganin rami a ƙasa, ya riƙa ganin mai ƙafar yana tafe a gabansa.

Bayan wata motar dabino ya tsinci kofin takarda, da ragowar kwaɓin lalle a gindinsa da alamar yatsu uku. Nan aka zauna. Nan aka ɗaga ƙafafun karen ɗaya bayan ɗaya, kuma karen bai yi gardama ba, don babu inda ya turje. Gwadabe ya duba da kyau. Ƙafa huɗu duka, daidai wa daida, har tsakanin yatsu. Kare ba ya taka lalle bisa kuskure da ƙafa huɗu.

Daga nan siminti ya ƙare, rairayi ya karɓa, sai ga mutumin ya fito sarai. Takalmi shimfiɗaɗɗe mai cinyayyen dunduniya. Ƙafar dama tana ɗan ja. A gefen hagu ramin sanda, kowane taku biyu. Karen yana gefensa, kafaɗa da gwiwa, igiya sake. Suka bi ta bayan tankin ruwa, inda wayar shinge ta ɓalle, suka fita.

Gwadabe ya sunkuya ya bi. Bayan shingen fili ne fetal, baƙar tsakuwa da ƙananan ƙayoyi, har zuwa wasu duwatsu da rana ta rina ja. Yana ganin tsakuwar nan sai ya tuna. Shekaru da yawa baya, ya taɓa kwana uku a zangon Larabawan Tasker yana neman raƙuma. Da safe ya ga wani dattijo ya rungume karensa a cinya yana shafa masa lalle a tafin ƙafa, yana yi masa magana kamar ɗa. Ya tambaya, aka ce masa lalle yana ƙarfafa tafin, in kare zai yi gudu a kan dutse ba ya tsagewa. Ɓarawo ba ya tsayawa yi wa kare wannan hidima, mace mai kwalliya kuma ba ta san da ita ba. Maharbi ne, wanda ya girma a daji.

Taku ashirin daga shingen aka kwance igiyar. Sawun karen ya tsaya cak, ya juya sau ɗaya, sannan ya buɗe. Tsakanin tsalle da tsalle ya fi tsawon mutum biyu. Gwadabe ya tsaya yana kallon inda ya bi, har ya ga kamar ƙurar ba ta gama kwanciya ba.

Mutumin kuwa ya daɗe a tsaye, dunduniyarsa ta nutse, sandar ta huda ƙasa wuri guda. Ya yi gaba kaɗan, ya dawo. Ya sake yin gaba, ya dawo. Daga ƙarshe ya juya ya nufi shinge shi kaɗai, da taku gajere fiye da wanda ya fito da shi. Gwadabe ya bi wannan takun har cikin kasuwa, har inda ƙafafun jama'a suka cinye shi, taku kaɗan daga gindin dabinon.

*

Sama ta yi ja lokacin da ya dawo. An kunna fitilun rumfuna. Ya karɓi reshen dabino a hannun wani manomi, ya share fili mai faɗin tabarma biyu a gaban shimfiɗar Turki, har rairayin ya kwanta lumui.

"Ka faɗa musu," ya ce da Hashim, "a garinmu mai bin sawu ba ya kiran sunan kowa. Kowa zai taka, ƙasa ta faɗi abin da ta sani."

Othman ya fara wucewa yana huci. Gwadabe ya duba, ya share. Mastura ta wuce, Nayef ya wuce, mai gadin ƙofa ya wuce, Hashim da Najwa suka wuce. Har matar da ta fara nuna yatsa aka sa ta taka, tana tsaki. Gwadabe ya dubi Turki. Turki ya yi dariyar takaici, ya taka shi ma. Kowane sawu Gwadabe ya duba ya share.

"To, ya ƙare," in ji Turki. "Saura matarka, ita kuma ka ɓoye ta."

Daga tantin salla aka ji ladan yana bubbuga makirfo. Turki ya ciro waya, ya fara danna lamba. Najwa ta rufe baki da mayafi.

Gwadabe ya yi magana da Larabcinsa na bakin sito, mai karyayyen baya. "Saura mutum ɗaya. Amma babba ne. Ba a sa babba tafiya, gaishe shi ake yi."

Ya taka har gaban kujerar tsoho Abdallah, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya miƙa hannu biyu.

"Assalamu alaikum, ya walidi," ya ce, wato babana.

Tsohon ya buɗe ido. Suka dubi juna. Dattijon da ya girma a zango zai iya yin shiru a kan abubuwa da yawa, amma ba zai bar hannun mai sallama a rataye a gaban jama'a ba. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya zaro hannunsa na dama daga cikin rigar.

"Wa alaikumus salam."

Yatsu uku jajaye ne har gaɓa ta biyu. Gwadabe ya riƙe hannun, bai ɗaga shi sama ba, bai kuma sake shi ba. Sandar tana jingine a hagun kujera.

"Yuba?" in ji Turki, wato Baba. Wayar ta sauka daga kunnensa.

Tsohon bai dubi ɗansa ba, Gwadabe yake kallo. "Shekara uku yana gidanmu," ya ce, "bai taɓa gudu ba. Daga falo sai mota. Ana yi masa wanka da sabulu mai ƙanshi. Ni da irinsu na girma, da farautarsu muke ci. Na hango filin nan ta shinge, na ce in gani sau ɗaya kafin in mutu." Ya waiwaya wajen shingen. "Ya yi gudu, ya ɗan'uwa. Da ka gani."

"Na gani," in ji Gwadabe.

"Na kira shi, murya ta ƙi kaiwa. Da ina kira daga dutse zuwa dutse. Na ji kunyar yaron nan, na dawo na zauna. Da na ji ana faɗin matarka na rufe ido, na ce ƙila karen ya dawo da kansa kafin magana ta yi nisa."

Gwadabe ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, haushin ya fi yawa. "Ta yi nisa," ya ce. "Kai kunya ka ji ta awa ɗaya. Ita da an ɗauke ta, ni da ita sai a lahira."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ladan ya ɗaga murya. Aka tsaya ana amsawa har aka gama kira.

Hashim ne ya yi dabara. Ya je ya aro lasifikar hannu ta masu shelar kasuwa. Aka riƙe tsohon har bakin shinge, jama'a na biye, wasu da tsire a hannu, wasu da karnukansu masu riga. Aka kara masa lasifikar a baki. Ya yi wani kira mai tsawo, ba kalma ba ce, daga maƙogwaro ta fito ta hau sama ta karye. Ya yi sau uku. Karnukan kasuwa duka suka yi tsit.

Can wajen duwatsu wani abu ya motsa, siriri, launin ƙasar wurin. Ba a ga ƙafafunsa ba, sai dai aka ga yana ƙara girma. Ya iso yana haki, harshe a waje, ƙaya a kunne, ya wuce Turki ya tura kansa cikin rigar tsohon.

Turki ya zo wurin Gwadabe, ya sumbace shi a ka yadda suke yi wa manya. Ya ce a buɗe ƙofa. Ya tambayi ina Hajja take, yana so ya nemi gafararta.

"Ka bar ta," in ji Gwadabe. "In ta ga farar riga ta nufo ta, ba gafara za ta ji ba."

*

Ya same ta a bayan tantin sallar mata, tsakanin naɗaɗɗun dardumai da tukwanen shuke-shuke. Ya zaci zai tarar da ita a dunƙule tana kuka. A zaune take a miƙe, hijabi a gyare, jakarta a cinya. Ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle su a gefen mayafi.

"Sun zo?" ta ce.

"Ba su zo ba. An ga karen. Ba za su zo ba."

"Yau dai."

Ta kwance ƙullin a hankali, don lallen ya bushe yana zuba. "Da Najwa zan bar wa waɗannan. Na so in gaya mata maganin hawan jininka yana cikin gwangwanin shayi, kai ba ka taɓa sanin inda yake ba."

Ta buɗe jakar za ta nemi madubi, hasken fitila ya faɗa ciki. Gwadabe ya ga zane biyu a naɗe, da buroshi, da man zafi, da tsohon fasfonta a cikin leda, da wata takarda mai lambar wayar ƙanwarta a Tanut.

"Mairo, yaushe kika haɗa wannan?"

"Tun satin da bizata ta ƙare." Ta faɗa kamar ana maganar cefane. "An ce in sun ɗauke ka ba sa bari ka koma gida ɗaukar kaya. Ko maƙwabta zan shiga da ita nake shiga. Zannuwan kawai nake canjawa in sun yi warin ajiya."

Shekara goma sha ɗaya yana ganin jakar nan a kafaɗarta, a bakin gado, a gefen sallaya, bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Shi da ya karanta zuciyar baƙo a kan tsakuwa cikin awa guda. Ya ji kunya, ya ji ƙaunarta ta cika masa ƙirji. Ya karɓi 'yan kunnen, ya sa mata da yatsunsa masu kauri, ɗaya ya ƙi shiga sai da ta kama hannunsa ta nuna masa hujin.

Daga nesa suka ji Najwa tana kiran Inna, Inna. Mariyamu ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki jakar, ta kai ta kafaɗa. Sai ta tsaya.

"Riƙe mini, Malam. Yau ta yi mini nauyi."

Ya karɓa ya rataya a kafaɗarsa. Suka fito cikin fitilu, tana gaba yana biye, dattijo da jakar mata, ya ratsa kasuwar da ita har bakin mota.